Gyaran da Aka Yi wa Bargar Kakanmu

A gidanmu na unguwar Nima, a Accra, akwai ɗaki ɗaya da ba don mutane aka gina shi ba. Yana can ƙarshen tsakar gida, bayan inda mata suke girki. Barga ce, ɗakin dawaki. Kakanmu ne ya gina ta da hannunsa, shi da abokan aikinsa, lokacin da ya sauko daga arewa ya samu aikin kula da dawakin attajiran Accra, waɗanda ake kaiwa filin sukuwa. A lokacin, in ji manya, bayan gidanmu ciyawa ce har inda ido ya tsaya. Yau in ka buɗe taga, tagar maƙwabci za ka gani.

Na girma da bargar nan a gabana, amma ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba sai da na manyanta. Katangarta ta jar ƙasa ce da aka kwaɓa da ciyawa, kaurinta ya kai kamu guda. Can sama kusa da rufi an bar ƙananan ramuka masu kusurwa uku a jere, iska tana shiga ta wannan gefe tana fita ta wancan, shi ya sa ko rana ta take, ciki da sanyi. Ƙasan ba siminti ba ne. Duwatsu ne aka jera, aka ɗan karkatar da su zuwa wata 'yar kwata, don fitsarin doki ya gangara waje da kansa. Akwai turaku na icce a kafe, sun yi santsi saboda gugar igiya. Akwai zobban ƙarfe a jikin bango, da komi da aka sassaƙa daga gungume ɗaya, inda ake zuba dusa da kanwa. Ƙofar kuwa gida biyu ce, ta sama da ta ƙasa, ta katakon odum mai nauyi. Ana buɗe ta sama doki ya leƙo da kansa, ta ƙasa tana rufe. Bakin ta ƙasan duk ya ciccinye, domin dawaki sun yi shekaru suna gwaguyarsa in sun gaji da tsayuwa.

Doki na ƙarshe ya bar gidan tun ina ƙarami. Abin da na riƙe game da shi kaɗan ne, warin jikinsa, da yadda mahaifina yake kankare masa kofato yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Daga nan barga ta koma wurin ajiye gawayi da tsofaffin tukwane, da ragon layya in Sallah ta matso.

Cikin 'ya'yan kakanmu mutum biyu suka rage. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ce babba a gidan. Ta tsufa, amma in ta ɗaga murya ana jin ta har bakin titi. Sai Baffa, autansu, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi. Baffa ya daɗe yana so a rushe bargar a gina ɗakunan bulo, domin gida ya cika, 'ya'yansa maza sun isa aure kuma babu inda za su sa mata. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Duk wanda ya zauna a Nima ya san darajar ɗaki. Gwaggo kuwa ko maganar ba ta son ji. Takan ce a bakin ƙofar nan babanta yake zama da hantsi, kuma ko'ina a gidan ya canja kama ban da wurin nan. In aka rushe shi, ba ta san inda za ta duba ta tuna ubanta ba.

Ni tela ne, shagona yana bakin titi ta wajen Maamobi. Da yamma ina zuwa ajin manya inda muke koyon karatu da rubutu. Wata rana malamarmu ta ce kowa ya ba da labarin wani tsohon abu na gidansu, ni kuma na ba da na barga. Ashe tana da ƙawa mai zanen gine-gine, wadda take aiki da masu kula da tsofaffin gine-ginen ƙasa. Ba a daɗe ba matar ta zo gidanmu.

Mace ce doguwa, marar yawan magana. Ba ta jin Hausa sosai, don haka da Twi muka yi magana, wanda ni da Gwaggo da Baffa duk muna ji sarai. Ta shiga bargar. Ta shafa bango, ta ɗaga kai ta dubi ramukan iska, ta tsuguna ta kawar da garin gawayi da hannunta har duwatsun suka bayyana. Da ta zo kan ƙofa, ta sa yatsa cikin gurbin haƙoran dawakin ta yi ta bi. Ta ɗauki hotuna da wayarta har na gaji da riƙe mata jaka.

Ta ce ta zaga unguwanni da yawa tana neman irin wannan. Wasu an rushe, wasu an mai da su shaguna, ba ta taɓa samun wadda kayanta suke nan a cike ba. Ta ce za ta kawo manyanta su gani. In sun yarda, za a sa bargar cikin gine-ginen da hukuma take karewa, ba mai rushe ta, kuma za a taimaka a gyara ta yadda ya kamata.

Sai ta juyo ta kama hannun Gwaggo, ta kira ta Maame, wato uwa da Twi. "Maame, abu ɗaya nake roƙo. Kada ku taɓa komai. Kada ku gyara, kada ku shafa, ko shara kada a yi da ƙarfi. Yadda take ɗin nan nake so su gan ta."

Gwaggo ta yi murmushi ta ce, "To 'yata, mun ji."

Da za ta tafi aka kawo mata shinkafa da wake da miyar yaji. Ta ce wallahi ta ƙoshi, kada a wahala. Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba, ta ƙara mata ƙwai da soyayyen kifi. Matar ta zauna ta ci, har aka ƙulle mata wani a leda ta tafi da shi.

A ranar manyan gida suka zauna. Baffa ya ce shi ba ya jayayya da hukuma. In mutanen nan suka karɓi bargar, ya janye maganarsa har abada. In kuwa ba su karɓa ba, da damina ta wuce zai kawo magina. Gwaggo ta ce ta yarda. Ni ne na fi kowa samun natsuwa, don na ga fuskar matar lokacin da take bin haƙoran dawakin da yatsa, na san ba wasa take yi ba.

Ana cikin jiran ranar zuwansu aka aiko cewa surukina ya rasu a Tamale. Dole na tafi da matata. Da na shiga sallamar Gwaggo na ce, "Gwaggo, kin dai tuna abin da matar nan ta ce."

Ta ce, "Kai tafi abinka, Allah Ya ji ƙan mamaci. Ni za ka koya wa karɓar baƙi? Na karɓi baƙi tun uwarka ba ta san hanyar gidan nan ba."

Na yi dariya na tafi. Mun zauna can har aka yi sadaka aka watse, na baro matata wurin 'yan'uwanta na dawo ana gobe baƙin za su zo.

Da hantsi na sauka daga trotro, motar hayarmu ta cikin gari, na shiga lungunmu da jaka a kafaɗa. Tun daga bakin lungu na ji warin fenti. Na ce a raina wani yana shirin biki. Na yi sallama na shiga gida, mata suka taso suna yi mini sannu da zuwa da gaisuwar rashi, amma duk fuskarsu da wata dariya da suke ɓoyewa, kamar sun ajiye mini kyauta. Ɗaya daga cikin matan haya ta ce, "Tela, duba can mana."

Na duba ƙarshen tsakar gida. Ban ga barga ba.

Wani ɗaki na gani mai sheƙi, ƙasansa kore, samansa fari, kamar sabon masallacin unguwa. An shafe jar katangar da siminti sumul. Ramukan iska babu ko ɗaya, an toshe. A maimakonsu an fasa bango an sa taga mai gilashi. Inda ƙofar odum take, ƙofar ƙarfe ce shuɗiya da sabon kwaɗo yana lilo.

Jakar ta sulale daga kafaɗata. Na tako a hankali. Na tura ƙofar. Tayil fari tas daga bango zuwa bango. An yanke turaku daidai da ƙasa an rufe kansu. Babu zobba, babu komi. An jera kujerun roba, an rataye labule, har fanka aka ɗaura a jikin azara tana juyawa. Zafi ya buge ni a fuska, a ɗakin da ban taɓa jin zafi a cikinsa ba tun da aka haife ni.

Baffa ya fito daga bayan ɗakin, hannuwansa duk fenti, yana washe baki. "Ɗana, ka ga aiki? Ka ce wani abu mana. Ko Tamale ta cinye maka harshe?"

Na zauna a kan wani buhun yashi da ya rage.

Gwaggo ta iso tana dogara sanda, ta tsaya a kaina. "Ka yi shiru. Ba ka gane wurin ba ko? Ni ma da aka gama sai da na yi hawaye."

Na ce, "Gwaggo, ai ta ce kada a taɓa."

"Ta ce! Ranar nan ba ta ce ta ƙoshi ba? Da na zuba mata, me ta bari a kwano? Haka baƙo mai kunya yake magana, ba ya so ya ɗora maka nauyi. Kai kuma mai gida sai ka san abin da ya kamace ka." Ta buga sandarta a ƙasa. "Manyan gwamnati za su shigo gidan ubana su tarar da garin gawayi da ramin ɓera? Su koma su ce ai 'yan Zongo haka suke zaune? Ba da raina ba."

Na tambayi inda ƙofar take. Aka ce ta sama ta tsage wurin cirewa, an faskara an dafa wa masu aiki abinci da ita. Komin ma haka, an ce ƙasansa ya fara ruɓewa. Zobban, masu sayen tsohon ƙarfe sun wuce da su. Rabin ƙofar na ƙasa kuwa Hajiya mai koko ta bakin lungu ta roƙa aka ba ta.

Kowane abu suka faɗa, sai na ji kamar an zare mini wani abu a ciki. Su kuwa labarin alheri suke ba ni. Maginin da ke bayan gidanmu ya yi aikin kyauta, ya ce ba zai karɓi komai a kan mutuncin unguwa ba. Samarin layi sun kwaɓa siminti, matan haya sun yi ta jido ruwa. Simintin kansa na Baffa ne, wanda ya daɗe yana tarawa buhu-buhu don ɗakunan 'ya'yansa. Mutumin da yake so a rushe bargar, shi ya buɗe ɗakin ajiyarsa ya ce a kwasa, don kada a raina gidan ubansa. Wa zan yi wa faɗa? Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya yi don mugunta ba. Na tashi na shiga ɗakina na rufe ƙofa.

Washegari kowa ya ci ado kamar ranar Sallah. An yi tuwo da miyar kuka, an soya kaji, an sayo lemo mai sanyi. Wajen azahar matar ta iso da dattawa biyu, ɗaya mai furfura da tabarau, ɗaya mai ɗauke da abin awo. Ta gaida Gwaggo da fara'a, ta wuce gaba tana ja musu hanya, tana ba su labari da Turanci. Da ta kai ƙarshen tsakar gida ta tsaya. Ta duba dama, ta duba hagu, ta leƙa bayan madafa.

Ta juyo gare ni. "Ina bargar?"

Kafin na amsa Gwaggo ta ce da alfahari, "Ga ta nan a gabanki, 'yata."

Matar ta sa hannu ta rufe bakinta. Sannan ta ciro wayarta ta buɗe hotuna ta miƙa wa mai tabarau. Ya dubi waya, ya dubi koren bango, ya sake duban waya. Mai abin awo ya mai da abinsa aljihu. Daga ciki ana jin ƙarar fankar.

Mai tabarau mutum ne mai ladabi. Ya cire takalmi ya shiga, ya zauna a kujerar roba, ya karɓi lemo ya sha, ya ce Allah Ya saka da wahalar da aka yi dominsu. Sai da ya gama wannan ya yi wa Gwaggo bayani a hankali. Ya ce abin da suka zo gani shi ne yadda mutanen da suke gina wa doki ɗaki: ramukan iska, da karkatar duwatsu, da ƙofa mai gida biyu, da turaku. Yanzu ɗaki ne mai kyau, amma irinsa yana kowane lungu a Nima, ba su da abin da za su nuna su ce a kare.

Gwaggo ta ce, "Wato tsufan kuke so? Da tsagewar bango da baƙin gawayi?"

Ya ce, "Shi muke so, Maame."

Ta dube shi kamar ya ce mata ruwa yana ci da wuta. Ta juya ta dubi matar. "Ke da gaske kike yi ranar nan?"

Matar ta gyaɗa kai, idanunta sun cicciko.

Kafin su tafi mai tabarau ya ja ni da Baffa gefe. Ya ce akwai abin da ya fi wannan damunsa. Katangar ƙasa tana shan laima daga ƙasa, tana fitar da ita ta jikinta in iska ta buga. Yanzu an rufe ta da siminti ciki da waje, an toshe ramukan, an sa tayil. Laima za ta hau, ba ta da mafita, ƙasar za ta jiƙe a ɓoye. Ya ce a ɓamɓare simintin kafin damina ta kankama. In aka yi haka, aka tone tayil duwatsun suka fito, za su sake zuwa su duba. Bai yi alkawarin komai ba.

Suka tafi. Kajin nan mu muka ci abinmu.

Da na kai wa Gwaggo maganar ɓamɓare siminti, ta ce sam. "Da wane ido zan dubi maginin nan in ce ya zo ya fasa abin da ya yi mini kyauta? Ƙanena ya ba da simintin 'ya'yansa, in ce a zubar a kwata? Matan nan da suka yi ta ɗaukar ruwa har wuyansu ya sage? Ka bar ni da abin da ya dame ni."

Ban matsa mata ba. Na san ta, in aka tura ta ƙara kafewa take yi. Kullum da safe in na je gaishe ta nakan zauna mu yi hirar duniya, in zan tashi in ɗan taɓo maganar da kalma ɗaya ko biyu in wuce shago.

A cikin kwanakin na je wurin Hajiya mai koko. Na tarar ta ɗora rabin ƙofar a kan bulo, ta jera kofuna da ƙullin sukari da ƙosai a kai.

Na ce, "Hajiya, teburin nan na zo karɓa."

Ta ce, "Ei, Tela! Abin da aka ba ni da hannu biyu? Ku kuka ce tsohon katako ne."

"Ba ni na ce ba. Ina Tamale."

"To ka koma Tamale ka tambayo. Ka san katakon nan kuwa? Ruwan zafi ya zuba a kai ko gezau. Ga wannan wurin da ya ciccinye, daidai ludayina, nan nake jingine shi."

"Haƙoran doki ne."

Ta janye ludayin da sauri. "Doki? A'uzubillahi, ni da nake sayar da abin sha!"

Muka daidaita a kan zan kawo mata wani tebur in kuma ɗinke mata kayan Sallah. Na ɗauko rabin ƙofar a ka, nauyinta ya kusa karya mini wuya, na jingine ta a ɗakina.

Ruwa ya fara sauka. Bayan ruwan farko na je na ƙwanƙwasa bangon bargar da bayan yatsa, na ji wani wuri yana amsawa kamar ganga, alamar siminti ya rabu da ƙasa. Aka ƙara yin ruwa, fentin ciki ya fara kumbura yana ɓarewa. Wani wari ya taso mai kama da na rigar da aka bari a jiƙe. Siririyar tsaga ta fito a bangon baya, daga ƙasa ta nufi sama.

Wata safiyar Laraba na roƙi Gwaggo ta zo ta gani da idonta. Ta zo tana mita. Na ɓalle wani ɓawon siminti da ya riga ya saki, na kama hannunta na sa a ramin. Ƙasar da ke ciki ta yi laushi kamar ƙullun ƙosai, yatsunta suka nutse. Ta zare hannun ta dube shi, ja jawur.

Ta ce, "Bangon da ya fi ni shekaru." Ta goge hannun a zanenta. "A bari a sauko Juma'a. Ni da kaina zan je gidan maginin in ba shi haƙuri. Ba aike zan yi ba."

Ranar Alhamis da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu. Na rufe shago na taho gida da gudu. Ruwa ya sauko irin wanda yake cika babbar kwatar Nima har ta tumbatsa. Muna tsaye a bakin ɗakunanmu muna kallon tsakar gida ta zama tafki, sai muka ji wata ƙara mai nauyi, ba irin ta tsawa ba, kamar an sauke lodin yashi daga mota. Simintin bangon baya ya zame gaba ɗaya, ya tafi da katangar. Rufin ya karkata, azara ta sauko da gefe ɗaya, fankar tana reto.

Mata suka sa salati. Wanda ya fara faɗawa cikin ruwan Baffa ne, tsoho da shi, ya ɗauko wani dogon katako yana ƙoƙarin tokare azarar, yana ihu, "Ku kawo wani! Ku kama nan!" Muka shiga muka kama, amma babu abin da za a tokara a kai, ƙasar tana narkewa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Na ja shi baya da ƙarfi kafin sauran rufin ya sauko. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo.

Da na waiwaya na hangi Gwaggo a bakin ƙofarta. Jan ruwa yana malalowa daga bargar, ya ratsa tsakar gida, ya bi ta gaban ƙafafunta ya fita lungu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta bi ruwan da ido kawai, bakinta a buɗe.

Matar mai zanen gine-gine ta sake zuwa sau ɗaya da na aika mata. Ta zaga kangon, ta ce sauran bangayen ma sun sha ruwa, ba za su tsaya ba, kuma hatsari ne a bar su inda yara suke wasa. Ta durƙusa gaban Gwaggo ta ce da ta sani da ta ƙara nanata maganarta ranar farko. Gwaggo ta ce, "Ko sau nawa kika faɗa, 'yata, da haka zan yi." Ta sa aka kawo mata abinci. Wannan karon matar ba ta ce ta ƙoshi ba.

Damina ta wuce, Baffa bai ta da maganar gini ba. Ko kallon wurin ba ya son yi. Gwaggo ce da kanta ta aika aka kira shi, ta ce, "Gina wa yaranka. Su yi aure ina da rai."

Ranar da magina suka zo kwashe kangon ban je shago ba. Da suka fasa tayil ɗin, duwatsun kakanmu suka fito a ƙasa, a jere yadda ya bar su, a karkace zuwa 'yar kwatar, da guntayen turaku a tsakaninsu. Aka ɗauko wa Gwaggo kujera ta zauna ta kalla. Ta nuna wani wuri da sanda ta ce nan wani jan doki mai cizo yake tsayawa, can kuma wata goɗiya da babanta ya fi so. Magina suka dakata har ta gama, sannan suka ci gaba da haƙa.

Yanzu ɗakunan bulo ne a wurin, ɗan Baffa na fari yana ciki da matarsa. In zafi ya yi sukan fito da tabarma waje.

Rabin ƙofar kuwa, da Gwaggo ta ji tana ɗakina sai ta ce in kawo mata. Na tambaya ko in goge ta in shafa mata mai, don tabon koko duk ya kama ta. Ta daka mini tsawa ta ce kada in kuskura in taɓa. Tana nan jingine a bakin ɗakinta, da tabon kokon da komai. Da hantsi in na fito zan tafi shago nakan same ta a zaune kusa da ita, hannunta a kan wurin da dawakin suka ciccinye.